Gadar da Manu Ya Auna da Makara

Ni tela ne, kuma ba na ba da aron tef ɗin awona. Duk wanda ya san ni a layinmu, nan Birnin Kudu, ya san haka. Allura zan ba ka, zare zan ba ka, almakashi ma idan ka matsa, amma tef a wuyana yake wuni. To ranar da Manu ya fara tsayawa a ƙofar shagona, abin da ya zo nema ke nan.

A shekarar ce aka zo yi mana kwalbati. Mun daɗe muna roƙo, don duk damina sai ruwa ya shiga mana zauruka, shi ya sa ranar da katafila ta iso har guɗa mata suka yi. Bayan kwana uku guɗar ta koma tsaki. An tsaga rami tun daga bakin titi har gangaren layi, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa kuwa ko saurayi mai ji da kansa ba zai tsallake ba. Gidajenmu kusan arba'in suka koma tsallake guda, masallaci da famfo da makaranta da hanyar asibiti da ta maƙabarta suna ɗaya tsallaken. Abin da aka bar mana na ƙetarewa shi ne katako ɗai-ɗai, can da can, siriri, yana lilo in an hau. Masu kurar ruwa suka daina shigowa. Mace mai goyo sai ta yi bisimilla sau uku kafin ta ɗora ƙafa. Ni da shagona ke bakin ramin ta ɓangaren gidaje, wuni nake ina zagin kamfanin, amma ba da ƙarfi ba, don leburorinsu ni suke kawo wa facin wando.

Manu ɗaya ne daga cikin leburorin nan. Mutumin Wurno ne, ta nan kusa da mu ba ta Sakkwato ba, dogo, siriri, shekarunsa za su kai arba'in da biyar. Asalinsu masu shanu ne, amma Fillancin da ya rage masa bai wuce gaisuwa da kiran saniya ba. Shanun ma sun tafi, wasu ciwo ya ɗauke, wasu rabon gado. Abin da ya saura bijimai biyu ne na huɗa da amalanke ɗaya. Da damina manomi ne, da rani lebura. Har yau in zai tafi da shebur, a kafaɗu yake gicciya shi ya rataya hannuwa, kamar yadda makiyayi ke yi da sanda.

Ya yi shekara ashirin yana bin aikin gini tsakanin nan da Gwaram, bai zama birkila ba, bai zama kafinta ba. Abokan aikinsa sun ce ba rashin kai ba ne, abin da ba a sa shi ba ne ke cinye masa lokaci. In an zube yashi a kan hanya, shi ne zai kwashe gefe ɗaya ya bar wajen wucewa. In an bar rodi a tsaye, shi ne zai bi yana kifa wa kowanne gwangwanin madara don kada ya yagi ƙafar wani. Duk tsumman ja da ka gani an ɗaure a bakin rami, aikinsa ne. Suna kiransa Sarkin Hanya, da ba'a suke faɗa, shi kuwa yana amsawa kamar an naɗa masa rawani.

Da ya yi sallama ya ce in ara masa tef, na ce ba na bayarwa, na kuma tambaye shi me lebura zai auna da tef ɗin tela.

"Makarar masallacinku, Malam Saifullahi," in ji shi.

Na ɗaga kai daga keke na dube shi da kyau, in ga ko rana ce ta taɓa shi. Fuskarsa lafiya lau. Son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfina, na ce tef ba ya tafiya ba ni, sai dai mu je tare. Muka bi ta kan katakon nan, ina gaba ina addu'a, muka samu ladan ya buɗe mana ɗakin da ake ajiye makara. Manu ya sa na auna faɗinta. Sannan ya tsayar da ni a gefe ɗaya, ladan a ɗaya gefen, muka ɗaga ta kafaɗa, ya ce in ba shi tef ɗin yanzu dai. Da makara a kafaɗata ba ni da hannun yin gardama. Ya auna daga wajen kafaɗata zuwa wajen kafaɗar ladan, ya ƙara taƙi ɗaya ta kowane gefe, ya je ya samo kara mai kauri ya yanke shi daidai wannan awo. Ya miƙo mini tef ɗina ya yi godiya.

Da muka dawo shago na hana shi tafiya sai ya gaya mini dalili. Ya zauna a kan bencina, ya dafa karan nan, ya ba ni labari ba tare da ya dube ni ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mahaifinsa ya je jinya gidan ƙanensa a wani ƙauye ta wajen Gwaram, a can Allah ya karɓi abinsa. A lokacin ana aikin hanya ta gaban ƙauyen, an haƙa rami irin namu, an yi ruwa da safe ramin ya cika rabi. Katako ɗaya ne a kai. Mutum huɗu ɗauke da makara ba za su bi katako ɗaya ba. Aka ajiye makarar a ƙasa, aka ciro gawar, maza suka shiga cikin ruwa, aka riƙa miƙa ta hannu da hannu. Santsi ya kwashi wani. Ba a yar da tsohon ba, amma ƙafafunsa sun nutse a taɓo.

"Da farin likkafani muka fito da shi daga gida," Manu ya ce. "Ba da fari muka sa shi a kabari ba." Ya juya karan a hannunsa. "Kuma ramin nan, ina cikin waɗanda suka haƙa shi. Katakon ma ni na ɗora, na ga ya ishi mutum ɗaya na tafi."

Ni da nake ɗinka likkafani, na san yadda ake kaffa-kaffa da shi, ko ƙasa ba na bari ya taɓa a shagona. Tun daga ranar, in ji Manu, duk inda hannunsa ya shiga haƙa, ba ya samun natsuwa sai ya ga akwai wuri ɗaya da makara da mutum huɗu za su wuce ba a sauke ta ba. Ya ce inda makara ta wuce, babu abin da ba zai wuce ba, kura ce, keken gurgu ne, ko tsoho da mai riƙe shi.

A nan ne na yi tawa ɓarnar. Bakina ba ya ajiya. Na gaya wa maiɗakina, ita kuma kafin magariba ta kai labarin gidan Inna Sa'adiyya.

Inna Sa'adiyya ita ce ungozomar layinmu. Rabin mutanen da ke wannan tsallake ita ta yanke musu cibiya, har da ni, kuma ba ta bari mu manta. Ta haura tamanin. Tun lokacin sanyi take kwance, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na yi mata nauyi. Ɗanta Aminullahi ya yi ya yi a kai ta asibiti, amma adaidaita sahu ba ta iya zuwa ƙofar gida saboda ramin, ita kuma ta rantse ba wanda zai goya ta ya hau siririn katakon nan da ita. Ta ce ta goyi mutanen layin nan kaf, ba za ta ƙare a bayan wani tana reto a kan rami yara na kallo ba. Ana cikin haka labarin mahaifin Manu ya iske ta.

Washegari ta aiko a kira ni. Na same ta a jingine da bango, ta rame, idanun nan dai suna nan da kaifinsu. Ta sa aka buɗe wata tsohuwar kwalla, ta nuna mini farin yadin da ta ajiye wa kanta shekara da shekaru, a ninke, yana ƙamshin turare.

"Saifullahi, kai za ka ɗinka shi," ta ce. "Mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma kada ku miƙa ni hannu da hannu a cikin ramin can kamar buhun gero. Abin da ke hana ni barci ke nan."

Na fito ina jin haushin bakina. Tsohuwa tana fama da ciwo, na ƙara mata da fargaba. Aminullahi ya biyo ni zaure ya ce tun jiya ko kunu ta ƙi sha. Ban yi wata-wata ba na wuce wajen Manu, yana cikin rami yana gyara gefe, na gaya masa komai.

Manu ya fito ya tafi wajen shugaban leburori, wani matashi mai suna Abdulnasir. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Na sama da shi sun matsa masa a gama kafin ruwa ya sauka, katakon da ke hannunsa kuma na zuba kankare ne, ba shi da rara. Ya saurari Manu, ya ce murafun kankare na ƙetarewa suna cikin tsarin aiki, za a ɗora su in an gama, nan da sati shida. Manu ya ce akwai wadda ba lalle ta kai sati shida ba. Abdulnasir ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma duk wanda ya taɓa masa katako ɗaya ya ajiye shebur ya kama hanyar gida. Ni da nake gefe har na buɗe baki zan saki abin da ke raina, Manu ya taka mini ƙafa. Ya ce to, ya ji, ya koma raminsa.

Ran Juma'a ba a aiki. Bayan an sauko daga masallaci sai muka ji ƙarar amalanke, ga Manu yana kora bijimansa biyu, an ɗaure azara tara a baya, da zana biyu a naɗe. Azarar giginya ce baƙa, tsohuwa, irin wadda gara ba ta ci. Daga baya na ji tarihinta. Ɗakin matarsa Na'ima ya yi yoyo a daminar da ta wuce har sai da suka rufa leda, shekara biyu yana tara azarar nan ɗaya bayan ɗaya don ya sake mata rufi kafin ruwan bana. Ita ya kwaso. Na tambaye shi me Na'ima ta ce, ya ce ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi damunsa.

Abin da ya yi da yammacin nan, ni dai ban taɓa ganin irinsa ba, ko da yake kowa ya san shi: rufin soro ya yi wa rami. Ya zaɓi daidai ƙofar shagona, inda lungun su Inna ya fito. Ya haƙa wa kowace azara mazauni a bakin ramin ta nan da ta can, nesa da inda kafintoci za su kafa katakonsu, don su yi aikinsu ta ƙasa ba tare da sun taɓa ta ba. Ya jera su, yana gwada faɗin da karan nan nasa, ya ɗaure da waya. Ya shimfiɗa zana, muka yi ta ɗebo jar ƙasa da baro muna zubawa, yana yayyafa ruwa yana daɓewa. Bai yarda a bar ko ɗan tudu a bakin shiga ba, ya ce mai ɗauke da kaya a kafaɗa ba ya kallon ƙafarsa. Ya kafa itace ta gefe biyu ya ɗaura gwangwala daidai ƙugu don abin dafawa. Mazan layi da suka fito kallo, a ƙarshe babu wanda bai ɗauki shebur ba, har ni da ban saba da abin da ya fi almakashi nauyi ba.

Ran Asabar bayan la'asar aka yi gwaji. Kurar ruwa ta fara wucewa da jarkokinta cike, ko motsi gadar ba ta yi ba. Wani bawan Allah mai keken guragu da ya yi kwana tara bai leƙa kasuwa ba ya wuce ya dawo, ya sake wucewa don daɗi. Sai Manu ya ce a ɗauko makara. Wasu suka fara gunaguni, wai ba a wasa da irin wannan. Liman ya ce makara ƙarfe ce da katako, niyya ake dubawa, a ɗauko.

Muka sa buhun yashi biyu a ciki, muka wuce lafiya. Na ce to shi ke nan, an gama. Manu ya girgiza kai, ya ce buhu ba zai gaya maka ko an karkata shi ba. Ya cire takalmansa, ya ajiye hularsa a kan kekena, ya shiga makarar ya miƙe.

Mu huɗu muka ɗaga, ina gaba ta dama. Ban taɓa ɗaukar makara mai numfashi ba sai ranar. Da muka kai tsakiya ya ce daga ciki a canji mutum ɗaya, tun da haka ake yi a jana'iza, kowa na son ya samu lada, kuma ba a zaɓar inda za a karɓa. Aka karɓi na bayana, wuri ya isa. Da muka sauka ta can ya ce ɓangaren kansa yana yin ƙasa a wajen fita. Ya fito ya ƙara ƙasa, ya daɓe, ya koma ya kwanta. Karo na biyu ya ce gwangwalar hagu na gugar gefe, aka matsar da ita. Karo na uku bai sami abin gyara ba har muka ƙetare muka ajiye shi a ƙofar masallaci. Na leƙa na ga idonsa a rufe, hawaye na gangara masa ta gefen kunne. Na tsaya a gabansa na kare shi da babbar rigata har ya goge fuska.

Abdulnasir yana tsaye a kan tarin tsakuwa, ya ga komai. Inna Sa'adiyya ma ta gani, don ashe ta sa an shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure. Aminullahi ya ce a yammacin nan ta nemi kunu da kanta.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya a gurguje, don safiyar Litinin nake so in ƙare da ita. Ba a kori Manu ba. Da lokacin zuba murafun kankare ya yi, Abdulnasir ya aiko a karɓo masa karan nan, kuma murfin da ke ƙofar shagona yau faɗinsa daidai da shi ne, na auna da tef ɗina. Amma ruwa ya riga mu. Kafin azara ta koma Wurno an yi ruwa uku, Na'ima ta sake tarar damina da leda da kwanuka. Labarin kwanciyar mijinta a makara ma ya kai mata, aka ce kwana uku ba ta amsa masa magana ba. Ranar da muka mayar da azarar, mu goma sha biyu daga layinmu muka je muka yi rufin ɗakin a wuni ɗaya. Ta dama mana fura mai kyau, amma ni ko kallona ba ta yi ba, an gaya mata ni ne mai bakin. Ban ga laifinta ba.

To ran Litinin da hantsi ina kan keke sai na ga lungu ya cika da mata. Inna Sa'adiyya ce ta fito, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta yafa mayafi. Aminullahi na riƙe da ita ta dama, jikarta ta hagu, adaidaita sahu na jira a tsallake. Taku ɗaya, hutu ɗaya. Suka iso bakin gadar su uku a jere, suka hau su uku a jere, ba wanda ya saki wani, ba wanda ya koma baya don ya ba wani wuri. Sai a lokacin na gane abin da Manu ya faɗa a kan bencina. Na tashi tsaye ban san na tashi ba, kuma ba na jin kunyar cewa alfahari ne ya cika ni, kamar ni na haifi mutumin nan.

A tsakiyar gadar ta tsaya, ta dafa gwangwala, ta leƙa cikin rami inda leburori ke aiki, ta tambaya wanne ne Manu. Ya ɗago, shebur a hannu, ƙasa har gira.

"An ce ka yi mini hanyar da za a wuce da ni a kwance," ta ce. "To ga ni a tsaye, ɗan nan." Ta numfasa, ta gyara mayafinta. "Allah ya jiƙan mahaifinka. Allah ya sa ya huta, ya haifi ɗa."

Manu ya buɗe baki zai ce amin, muryar ta ƙi fita. Mu da ke bakin rami, tsallaken nan da tsallaken can, muka amsa a madadinsa. Inna ta ƙarasa ƙetarewa da ƙafarta, aka taimaka mata ta shiga adaidaita, suka nufi asibiti. Farin yadinta har yau yana cikin kwalla, ban ɗinka shi ba.